Ni Arsenal, ɗana Man City: ta ina son kulob ke shiga zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Tun 1999 nake goyon bayan Arsenal saboda Kanu, kuma ban taɓa sakewa ba. Babban ɗana shekararsa 11, sau biyu ina saya mashi rigar Arsenal, amma ya kafe shi ɗan Man City ne. Ƙanena kuwa ya yi Manchester United, ya koma Madrid, yanzu wai Al Nassr ta Saudiyya yake yi. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa taka Turai, ga kuma Katsina United a bakin ƙofa amma ba ma zuwa kallonta. Me ke sa mutum ya kama kulob ɗaya ya riƙe? Kuma akwai yadda zan yi yaron nan ya dawo wajena?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Na ji daɗin tambayar nan, domin na daɗe ina horar da yara ƙwallo a unguwa, kuma duk yaron da ya zo hannuna sai na tambaye shi kulob ɗinsa da abin da ya haɗa su. Ban taɓa cin karo da wanda ya zauna ya auna ƙungiyoyi kamar mai sayen rago ba. Kusan kowa zai ambaci mutum ɗaya da dare ɗaya: yayansa, ko kawunsa, ko wani ɗan wasa, da kuma wasan da ya kalla ya kasa barci.

Naka labarin ma haka ne, kuma ina jin na san daren. A watan Oktoba na 1999 Arsenal ta je gidan Chelsea, aka ci ta biyu ba ko ɗaya, ana ruwa, wasa ya kusa tashi. Cikin minti 15 na ƙarshe Kanu ya zura uku shi kaɗai. Ta ukun ita ce wadda har yau ake labari: ya yanke gola a can gefen layi, daga kusurwar da ba wanda ke tsammanin ƙwallo za ta shiga, ya ɗaga ta cikin raga. Ni a zauren wani mai kumbon tauraron ɗan Adam na kalla, mun fi talatin a kan tabarma biyu, waɗanda ba su samu wuri ba suna leƙe ta taga. Wani dattijo da bai san ko sunan Arsenal ba ya miƙe yana cewa "Ɗanmu ne! Ɗanmu ne!" Shekara uku kacal ke nan da Kanu ya jagoranci Najeriya ta doke Brazil da Ajantina ta ɗauki zinare a Atlanta. Wanda ya zo a kan wannan gaɓar yana saurayi, Arsenal ta riga ta gama da shi. Da kulob ɗin ya gama kakar 2003/2004 ba a doke shi ko sau ɗaya a Firimiya ba, sai ƙulli ya ƙara tamkewa.

Idan ka duba majalisunku da kyau, za ka iya kintata shekarun mutum daga kulob ɗinsa. Sa'o'inka ko dai Arsenal ko Manchester United, wadda ta ci kofi uku a 1999, har da wasan da ta farke ta doke Bayern Munich da ƙwallo biyu a ƙarin lokaci. Waɗanda ke bin bayanku sun buɗe ido a kan Chelsea ta Mourinho daga 2004, ga Drogba, ga Essien, sannan Mikel Obi ya zo a 2006 ya zauna fiye da shekara goma. Daga nan aka shiga zamanin Messi da Ronaldo, gari ya rabu biyu tsakanin Barcelona da Madrid. Liverpool ta sami sabbin magoya baya a Arewa da zuwan Sadio Mane a 2016 da Mohamed Salah a 2017. Na sha jin matasa na cewa sujudar da suke yi bayan cin ƙwallo ce ta ja su. Ɗanka kuwa yana kusan shekara takwas a 2023, lokacin da City ta haɗa Firimiya da kofin FA da kofin zakarun Turai, Haaland ya ci ƙwallo 36 a gasar lig. Abin da Kanu ya yi maka shi Haaland ya yi masa. Bai saɓa maka ba, hanyar da ka bi ita ya bi, kulob ne kawai ya bambanta.

Shekarun da abin ya fi kama yaro, a iya abin da na gani, su ne daga bakwai zuwa sha biyu. A lokacin ne yake neman inda zai tsaya a kira shi da suna cikin sa'o'insa. Kuma a nan ƙasar sa'o'i sun fi uba ƙarfi a wannan fanni, saboda dalili mai sauƙi: yaro ba ya zama benci ɗaya da mahaifinsa a gidan kallo. Kunya ba za ta bar shi ya yi tsalle da ihu a gabanka ba. A Ingila uba kan kama hannun ɗansa ya kai shi fili kamar yadda nasa uban ya kai shi, shi ya sa kulob ke zama gado. Mu kuwa yayye da abokan makarantar allo da na boko su ke raba wa yara kulob. Wani lokacin ma yaro kan ɗauki abokin adawar kulob ɗin gidansu da gangan, don ya sami abin ja da yayansa.

Sai dai farkon so daban, zama ɗan kulob daban, kuma a nan nake so ka tsaya. A 1976 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Cialdini, da abokan aikinsa sun lura da ɗaliban jami'o'i. Suka ga idan ƙungiyar makaranta ta yi nasara a ƙarshen mako, ranar Litinin masu sanye da rigar makarantar kan yi yawa. Idan an tambaye su sakamako kuma sai su ce "mun ci", amma ranar rashin nasara sai bakin ya juya zuwa "an ci su". Ka je gidan kallo daren Laraba ka saurara, za ka ji irin wannan da kunnenka. Kowa ya iya cewa "mun ci". Ranar da aka tashi huɗu da nema, janareta ya yi shiru, ana fitowa ana neman takalma a duhu, 'yan adawa sun tare bakin ƙofa suna jiran su yi tsiya, sai ka ji wani ya sunkuyar da kai ya ce "yau an ci mu". Wannan shi ne ya zama ɗan kulob. Gobe kuma zai fito wajen mai shayi ya zauna a ci gaba da yi masa, bai ɓuya a gida ba.

Kai ka sha wannan. Daga 2005 zuwa 2014 Arsenal ba ta ɗaga babban kofi ba, an ci ku takwas da biyu a Old Trafford a 2011, an sayar da kyaftin bayan kyaftin, amma ga ka nan. Waɗancan shekarun su suka dasa ka, fiye da na nasara a zamanin Thierry Henry. Abin da mutum ya sha wuya a kansa ba ya sakinsa da sauƙi, kuma duk majalisa ta riga ta san ka da shi. Da za ka shigo gobe ka ce ka koma Madrid, har wanda ya fi kowa yi maka tsiya sai ya ji ka rage daraja a idonsa.

Da wannan ma'aunin za ka gane yaronka. A ƙarshen 2024 an doke City wasa biyar a jere, abin da ba a saba gani ba a hannun kocinta Guardiola. Tuna yadda ya yi a makonnin nan. Idan ya ci gaba da sa rigar yana cewa "an ci mu", to Malam ka haƙura, ya riga ya kafu, kuma ni ina ganin abin yabo ne ga ɗan shekara tara ko goma ya iya tsayawa a kan abu ana yi masa dariya. Idan kuwa ya ninke rigar ya fara zancen wani kulob, har yanzu yana yawo ne, kana da sauran dama.

Ƙanenka lissafinsa daban ne. Shi Ronaldo yake bi: United har 2009, Madrid har 2018, yanzu Saudiyya tun farkon 2023. Ba na ganin laifinsa, kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A dambe akwai mai bin ɓangare, Kudu ko Arewa ko Guramada, duk wanda ya shigo ya ɗaure hannu da sunan ɓangaren nasa ne. Akwai kuma mai bin ɗan dambe ɗaya duk garin da ya je. Wayar hannu ta ƙara wa irin ƙanenka yawa, tunda yaro yanzu yakan san ɗan wasa ta gajerun bidiyo da wasan kwamfuta kafin ya taɓa zama ya kalli minti casa'in. Matsalarsu ɗaya ce: ranar da gwanin ya rataye takalmi sai su rasa gida.

Batun Katsina United shi ya fi ci mini rai a cikin tambayarka. A inda ƙwallo ta yi jijiya, kulob daga cikin mutane yake fitowa. Ma'aikatan masana'antar makamai ne suka kafa Arsenal ɗinka a 1886, ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa abin da ya zama Manchester United a 1878. A Glasgow, Celtic da Rangers sun rabu ne a kan asali da ɗariƙar addini. Barcelona ta zama murya ga mutanen Kataloniya lokacin da gwamnatin Franco ta danne harshensu. A nan gida, Enugu Rangers ta tashi a 1970 bayan yaƙin basasa, ta zama abin da mutanenta suka ɗaga kai da shi. Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta ci lig a 2008, ta sake ci uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma "Sai Masu Gida" ba kirarin baka ba ne kawai, a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Bakano na iya zama ɗan Chelsea ranar Asabar, ranar Lahadi ya tafi filin Sani Abacha, bai ga wani karo a ciki ba.

Me ya hana mu? Talabijin na kawo Firimiya kowane mako da hoto garau, lig ɗin gida kuwa an daɗe ba a samunsa a kai a kai a allo. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, 'yan wasa na sauyawa kusan kowace kaka, yaro bai gama haddace sunan ɗan gaba ba ya tafi. Ga kuma tsoron rikici da ke sa iyaye su hana yara zuwa fili. Duk da haka Changi Boys, wato Katsina United, sun faɗa rukuni na biyu a 2022 tare da Pillars, suka dawo tare a 2023, kuma akwai mutanen da ba su daina zuwa Karkanda, wato filin Muhammadu Dikko, ba a tsakanin. Su ma "an ci mu" suka ce, a kan ƙungiyar da ke ɗauke da sunan garinsu.

Game da zafin adawa, akwai gwajin da Mark Levine da abokansa suka wallafa a 2005 daga Jami'ar Lancaster. Sun sa magoya bayan Manchester United su yi tunanin kulob ɗinsu, sannan a hanya wani ya faɗi a gabansu kamar ya ji ciwo. Idan yana sanye da rigar United kusan duka sukan taimaka masa, idan ta Liverpool ce kaɗan ke tsayawa. Da aka sake gwajin aka fara tuna musu cewa su masoya ƙwallo ne gaba ɗaya, sai mai rigar Liverpool ma ya sami taimako. Na ga abota ta shekaru ta lalace a kan El Clasico, wato karawar Barcelona da Madrid, na ga an yi doke-doke a kan fenariti, kuma tun da caca ta shigo wayoyin matasa abin ya ƙara muni, domin wanda kuɗinsa ya tafi ba zolaya yake ji ba. Wannan ne ya kamata ka sa wa ido a kan yaro, tare da lokacin salla da na karatu, fiye da launin rigarsa.

Don haka kada ka ƙara sayen rigar Arsenal ta uku, za ta tafi ƙasan akwati kamar sauran. Ranar da Arsenal za ta haɗu da City ku kalla tare a gida ko a shagonka, ka bar shi ya yi murnarsa idan sun ci, kai ma ka yi taka, ya ga yadda babba ke karɓar rashin nasara ba zagi. Sannan ka duba ranar da Katsina United ke wasa a filin Muhammadu Dikko, ka zaɓi wasan da ba na zazzafar adawa ba, ku yi La'asar ku shiga da wuri, ku zauna inda iyalai da dattawa ke zama. Bari ya ji ƙarar ƙwallo a ƙafar ɗan wasa, ya ji ganga, ya ga gumi a fuskar gola daga kusa. Ka tafi da ƙanen naka ma. Yaron yana da shekara 11, bai wuce lokacin da wasa ɗaya zai iya kama shi ba, kuma wannan karon kai ne za ka kasance a gefensa.