Wa ya shata iyakar yankin Shamfen?

Malam, ka tambaya ko duk gonar inabin da ke lardin Shamfen na Faransa tana da ikon sa wannan suna a kan giyarta. A'a, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure.

Dokar 1927 ce ta shata iyakar, bayan doguwar rigima. A 1908 an fitar da manoman Aube, wata gunduma da ke kudancin Shamfen, daga cikin yankin, suka yi bore a 1911, daga baya aka maido su. Yau yankin ya kai kimanin hekta 34,000 a ƙauyuka 319.

Abin lura shi ne, gona-gona ake bi, ba ƙauye ɗungurungum ba. Sai ka ga gonaki biyu maƙwabta, ɗaya tana ciki ɗaya tana waje, farashinsu kuwa kamar sama da ƙasa. Ni dai ina ganin tsarin yana kare ƙaramin manomi, kamar yadda aka yi wa albasar Galmi rajista a Nijar.

In bincikenka ya shafi wata gona takamaimai, kada ka dogara da taswirar intanet. Nemi ta INAO, hukumar Faransa mai kula da sunayen asalin kayan gona, ko lauyan da ya san harkar filaye a can.