Amsa ga mai tambaya kan wayar tebur mai layi biyu a Jidda

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: kamfanin kago da kake wa aiki ya yarje maka ka riƙa karɓar kiran abokan ciniki daga gida, ka ga wata wayar tebur mai igiya da maɓallai rututu a haraj, wato kasuwar gwanjo, kana son sanin ko za ta raba maka kiran aiki da na iyali, ko kuwa salula biyu sun wadatar. Na daɗe ina aikin tafinta da bibiyar takardu daga ɗakin zaurena a nan Jidda, da irin wannan waya nake aiki, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Kada ka fara da sayen waya, ka fara da layi. Wayar tebur ba ta zuwa da layi ko ɗaya a cikinta, komai yawan maɓallanta. In an rubuta layi biyu ko huɗu a kwalinta, nufinsu tana iya ɗaukar wannan adadin in ka kawo mata. Ka duba bayan akwatin fayba da ke gidanka, wanda intanet ke shigowa ta cikinsa. Galibi za ka ga ƙananan ramuka biyu, an rubuta TEL1 da TEL2. Ganin rami na biyu ba ya nufin akwai lamba a ciki. Sai kamfanin sadarwar da kake tare da shi, STC ne ko wani, ya buɗe maka lamba ta biyu, da faturarta, wato takardar biyan kuɗinta. Ka kira su ka tambaya ko tsarin da kake kai yana ba da haka, kuma ka zauna da maigidanka a kamfani ku daddale da sunan wa za a yi rajistar lambar. Shawarata lambar aiki ta kasance da sunan kamfani, su riƙa biya. In ka buɗe ta da iƙamarka, wato katinka na izinin zama, duk bashin da ya taru a kanta kai zai bi, ko da ka bar aikin.

Ita kuma waccan ta haraj, ina jin tsoronta. Ofisoshi in sun tashi sukan zubar da wayoyinsu a can, kuma yawancin masu maɓallai da fitilu jere wayoyin santaral ne, wato akwatin da ke rarraba kira tsakanin wayoyin ofis. Misali Panasonic KX-T7730, wadda ta cika ofisoshin ƙasar nan, an yi ta ne don ta yi aiki da akwatin santaral na Panasonic. Akwai kuma irin su Yealink da Grandstream da Cisco, waɗanda igiyar intanet suke sha, sai an saita musu asusun SIP, wato asusun kira ta intanet, kafin su yi magana. Duka biyun ba naka ba ne, sai fa in kamfaninku na da santaral na intanet kuma za su ba ka reshe a gida. In suna da shi, to wannan ya fi komai sauƙi, ka bar injiniyansu ya zaɓa maka wayar. In babu, abin da za ka nema shi ne wayar layi biyu ta gama-gari, wadda bayanta ke da rami an rubuta LINE 1/2 da wani LINE 2. Ka ɗauki lambar samfurin da ke ƙarƙashin wayar ka bincika kafin ka miƙa riyal ɗaya.

Wani ƙaramin abu da ke sa mutane mayar da waya mai lafiya kanti shi ne igiya. Ka ɗaga kan igiyar, wannan robar mai haske, ka ƙirga zaren tagulla da ke ciki. In biyu ne, layi ɗaya kawai take ɗauka. Mai zare huɗu ce ke ɗaukar layi biyu a igiya guda. Kai da lambobinka za su fito daga TEL1 da TEL2, mafi sauƙi ka ja igiya biyu, kowace zuwa raminta, ka manna wa kowace takarda ka rubuta "gida" da "aiki". Ka kuma tabbata wayar na gane nuna lambar mai kira ta hanyoyin nan biyu, FSK da DTMF, in ba haka ba za ta yi ta ƙara allon na nan wayam. Cajarta ma ka karanta jikinta. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a sababbin gine-gine, amma tsofaffin gidaje har yanzu akwai masu soket na 127 da na 220 a ɗaki guda, kuma cajar da aka yi wa Amurka ta 120 in ta shiga 220 ta ƙone nan take. Mai rubutun 100–240 ita ce kwanciyar hankali. In kuma mai batir ce, ka riƙa leƙa su, zafin Jidda na sa su zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki.

Wani ɗan'uwa ya ce maka wayar girke ba ta mutuwa in an ɗauke wuta. A zamanin layin tagulla haka ne, domin wutar da wayar ke amfani da ita, kusan bolt 48, daga ofishin tarho take zuwa ta cikin igiyar. Fayba kuwa haske take ɗauka, ba wuta ba. In akwatin gidanka ya mutu, layukan biyu sun mutu tare da shi. Ɗauke wuta ba ta da yawa a nan, amma in aikinka ba ya jure yankewa, ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, a jikin akwatin ya isa.

To me ya sa nake riƙe da ita, alhali kowa na da salula a aljihu? Saboda iyali. Kafin in raba layi, lambar gida ɗaya ce, kuma baƙon namiji na iya kira yana faɗa kan kayansa da suka makale, uwargida ko yarinya ta ɗauka. Wannan bai dace da gida ba, bai kuma dace da aikin ba. Yanzu kowane layi da irin ƙararsa da fitilarsa. Yara sun san in fitilar ƙasa ce ke walƙiya ba a taɓawa. Kuma ana iya kashe ƙarar layi ɗaya a bar ɗayan. Wannan kai ma za ka ji daɗinsa, domin muna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu: mutumin Kano da ya tuna da kayansa ƙarfe goma na dare, a wurinka sha biyu ta buga. Ga hutun mako ya saɓa, mu Juma'a da Asabar, su Asabar da Lahadi. Salular da ke aljihunka takan bi ka har masallaci da kan tabarmar cin abinci. Wayar tebur in ka rufe ƙofar zaure ka bar ta a can.

Sai maɓallin haɗa kira, wanda a ganina shi kaɗai ya biya kuɗin wayar. Alhaji na layi na ɗaya ba ya jin Larabci, mai mustauda, wato sito, na layi na biyu ba ya jin Hausa, ka danna ka haɗa ku uku, kowa na jin muryar ɗan'uwansa kai kana tsakiya kana fassara. Rigimar "ai cewa ka yi" takan ragu sosai in mutum ya ji da kunnensa an faɗi nauyin kaya da ranar tashinsu. Sautin kan ɗan yi ƙasa tsakanin su biyun, don haka ka nemi wuri mara hayaniya, ka rage mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in mai ƙara ne. Kuma in kai ka kira duka biyun, kuɗin kira biyu ne ke tafiya.

Maɓallin dakatar da kira kuwa a yi hattara da shi da mutanenmu. Dattijo yana tsakiyar gaisuwa, bai gama tambayar iyali da gajiya ba, sai ya ji shiru, zai ɗauka ka katse shi ne. Ni nakan ce, "Baba, a gafarce ni, wani layin ne ke kira, in amsa in dawo gare ka ko in sake kiranka?" Yawanci sukan ce je ka dawo. In kuma na ga na biyun zai ja lokaci, sai in karɓi lambarsa in koma wa na farko, shi ya riga zuwa.

Ka sayi abin kunne mai makirufo tun ranar farko. Aikin kago rubutu ne: suna, lambar kwali, nauyi, garin da za a kai. Matse kan waya tsakanin kafaɗa da kunne kana rubutu yini guda, wuyanka ba zai yafe maka ba. Ka duba irin ramin abin kunnen da wayar ke da shi kafin ka saya, ba duka ne iri ɗaya ba.

Inda ba za ta taimake ka ba kuma in faɗa. Abokan cinikin da ke gida Najeriya ba za su kira lambar girke ta Jidda mai 012 da katinsu ba, saƙon murya za su turo ta WhatsApp. Kai ma kiran ƙasar waje daga wayar girke tsada ne, gara ma ka kulle 00, mafarin kiran ƙasar waje, da lambar sirri in wayar na da makulli. Amfaninta na ga na cikin ƙasa: mustauda, direbobi, ofisoshi, da 'yan'uwa mazauna Makka da Madina da Riyad, waɗanda ganin lambar girke ke sa su natsu cewa kamfanin na da mazauni. Dabarar da ke haɗa biyun ita ce WhatsApp Business yana karɓar lambar girke. Wajen tantancewa ka zaɓi a kira ka maimakon saƙo, wayar tebur ta yi ƙara, a karanto maka lambobin. Daga nan lamba ɗaya ce a kan katinka, mai kira ya same ka a tebur, mai saƙo ya same ka a salula.

Ka kuma duba zamanka a gidan. Tun rusau na 2021 zuwa 2022 da ya tashi unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil, da yawanmu ba mu daɗe a haya ɗaya ba, kuma ba kowane gini ke da fayba ba. In kana ganin tashi nan kusa, akwai wayar tebur mai cin SIM, har mai biyu, siffarta ɗaya da ta girke, sai dai lambar salula ce za ta fito. Ka nemi mai 4G.

Ka turo hoton bayan akwatin faybarka da na ƙarƙashin waccan wayar ta haraj inda lambar samfurin take, in duba maka ko za su yi aiki tare kafin ka koma wurin mai ita.