Amsar Kawu Kan Yaro Mai Bin Diddigi

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso. Kin ce abokina, wato ɗanki mai shekara 9, ya kwance rediyon babansa, sannan ranar da baffansa ke ba da labarin yadda rana ke kama wata, sai ya tsoma baki a gaban baƙi ya ce inuwar duniya ce ke rufe watan. Yanzu dangin uba na cewa kin sangarta shi, ke kuma kina tambaya ko al'adarmu ta yarda yaro ya riƙa irin wannan bin diddigi.

Maganar yaron gaskiya ce, wurin faɗinta ne ya kuskure. Bahaushen da ya ce matambayi ba ya ɓata bai hana yaro tambaya ba. Abin da aka hana shi ne gyara wa babba zance a bainar jama'a. Ki sa shi ya je ya durƙusa ya ba baffansa haƙuri, amma kada ki sa shi ya ce ƙarya ya faɗa. In kika yi haka, zai ɗauka ladabi da gaskiya ba sa zama inuwa ɗaya.

Batun husufin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Da can in aka ce wata na zazzaɓi, yara ne ke ɗaukar gwangwani da faranti su zaga gari suna kiɗa, malamai kuwa masallaci suke nufa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ce, Annabi ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa. Kuma kusufin 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina da Maraɗi, masu lissafi sun faɗi ranarsa da sa'arsa tun da daɗewa. Kada wani ya ce miki lissafin nan na Turawa ne kaɗai. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan jadawalin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Al'ada ta tanadar wa irin yaron nan ƙofofi, mu ne muka daina bi. Ta farko kakanni. Tsakanin jika da kaka wasa ne, duk tambayar da ba ta faɗuwa a gaban baffa, a gabanmu ta halatta. Ta biyu maigidan sana'a. Maimakon duka a kan rediyo, babansa ya kai shi wurin mai gyara amintacce ranar Asabar, ya ga yadda ake riƙe dalma da waya, ya koyi cewa wanda ya kwance shi ke ɗaurawa. In kun shiga Kano, ku biya marinar Ƙofar Mata. Ya tsaya bakin karofi ya ga zane ya fito daga ruwan baba da toka yana kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonsa. Kada ki ba shi amsa, ki bar shi ya tambayi marinin da kansa, bayan ya gaishe shi.

Sai kunyar ɗan fari. Na san ba kya kama sunansa, balle ki yabe shi, kuma ban ce ki fara tallarsa a gidan biki ba. Baki abin tsoro ne, yabo a ido kuma na kumbura kan yaro. Amma kunya ba ta hana sauraro. In ya zo da surutunsa kina tuƙa tuwo, ki ce masa, "To, ya aka yi ka sani?" Wannan ta ishe shi.

Makaranta kuwa da sauran lokaci. Akwai ta kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, akwai ta masu hazaƙa ta tarayya a Suleja, duk da jarrabawa ake shiga. Kada dai a cire shi daga allo saboda boko. Hutun nan ki turo mini shi, ya zo da rediyon da duk tarkacensa. Ki gaida maigidan.