Kufan Anasazi: Gwiwata Za Ta Iya?

Tambaya: Malam, ɗana da ke jihar Yuta a Amurka zai kai ni kufan Anasazi, mutanen da suka zauna a yankin a zamanin da, a wani wuri mai suna Butler Wash. Ina fama da gwiwa, zan iya? Daga Hajiya, Nima, Akra.

Amsa: Hajiya, zuwa da dawowa kusan mil 1 ne. Wadda ke zagaya kasuwar Makola ba za ta gaza ba. Sai dai akwai hawa kan falalen dutse, inuwa kuwa babu. Ki fita da sassafe da gorar ruwa, silifa ki bar shi gida.

Daga nesa za ki hango ɗakunan cikin kogo, ginin shekarun 1200. Masu su sun yi ƙaura wajen 1300, lokacin dogon fari. Sunan Anasazi ma 'yan ƙabilar Nabaho ne suka raɗa musu, jikokin masu kufan irin su ƙabilar Hopi ba sa son sa. Ko tsingaro kada ki ɗauko, doka ta hana.