Tsohon bugu ne a hannuna, malami kuma da sabo yake koyarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makaho ne, ina karatun lauya a wata jami'a a Arewa. Wani da ya riga ni gamawa ya ba ni littafin dokar kamfanoni a kwamfuta, manhaja tana karanta min. Matsalar ita ce bugun 2017 ne, malaminmu kuwa da sabon bugu yake aiki. In ya ce a buɗe shafi kaza, sai in tarar da wata magana daban. In ci gaba da tsohon, ko in jira sai na samu sabon?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka jira, kada kuma ka yar da tsohon. Da babu gara ba daɗi, in dai ka san inda ya daina faɗin gaskiya.

A darasinka wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Agustan 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta maye gurbin ta 1990. Littafinka zai gaya maka sai mutum biyu ko fiye suke iya kafa kamfani, alhali yanzu mutum ɗaya ma yana iya yin rajistar kamfaninsa mai zaman kansa. Lambobin sassan dokar ma sun sauya. In ka haddace tsohon ka zuba a jarrabawa, za ka faɗi a kan abin da ka karanta da gaske, kuma na ga ɗalibai masu ƙwazo da hakan ta faru da su. Da littafin tarihi ne ko adabi, da na ce ka ci gaba hankali kwance, don yawanci lambar shafi da gabatarwa kawai ake taɓawa. Shari'a, haraji, magunguna da ilimin kwamfuta kuwa, shekara uku ta isa ta tsufar da babi guda.

Ka fara da samun malaminka a ofis, ba a bakin aji ba. Ka nemi ya ba ka lambar ISBN ta bugun da yake riƙe da shi. Lamba ce mai alƙaluma 13 a bayan littafi, kuma kowane bugu da tasa, ita ce za ta hana a sake kawo maka wani daban. Sannan ka roƙe shi alfarma biyu: jerin babukan da za a yi a zangon nan bi da bi, da kuma ya riƙa ambaton sunan babi da kanun magana in ya ba da aiki, maimakon lambar shafi kaɗai. Yawancin malamai ba mugunta ce ta hana su ba, ba su taɓa lura ba ne cewa “shafi na 140” ba ya nufin komai ga wanda kunne ne idonsa.

Daga nan ka zauna da abokin ajinka mai sabon bugun, awa ɗaya ta isa. Ya karanta maka jerin abubuwan da ke ciki da gabatarwar sabon bugu, inda marubuta suka saba faɗin abin da suka sauya, kai kuma kana bin naka. Babin da bai motsa ba, ka karanta shi a tsohon. Wanda ya sauya shi kaɗai za a yi wa sikanin, wato a ɗauki hoton shafukansa da na'ura a sa a kwamfuta, a fara da na makon gobe. Wannan ya fi jiran a gama littafi mai shafi 700 lokacin da zango ya riga ya ƙare. Ita dokar ta 2020 kanta tana intanet kyauta, ka sauke ta ka ajiye gefen littafin.

A wajen sikanin ne aiki ya fi lalacewa, don haka ka tsaya a kansa. Hoton shafi da aka mayar PDF, ga manhajojin da ke karanta wa makaho rubutu a kwamfuta irin su NVDA ko JAWS, tamkar bango ne, don hoto ne ba rubutu ba. Dole a bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu, sannan mai gani ya duba, musamman bayanan ƙasan shafi, inda sunayen shari'u suke, don na'ura takan cakuɗa su da tsakiyar jimla. Ka nace a bar lambar shafin takarda a cikin fayil ɗin, a sa kanun babi yadda za ka iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Wataƙila wani a laburare ya ce maka doka ta hana kwafar littafi. Ka ba shi amsa cikin ladabi. Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017, an yi ta ne don makafi da waɗanda ba sa iya karanta bugun takarda, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shigar da ita cikin dokokinmu. Cibiyar da ke hidimta wa makafi tana iya mayar da littafin da ta samu ta halastacciyar hanya zuwa sauti, rubutun makafi ko fayil, ba tare da izinin mawallafi ba, muddin ba don riba ba ne kuma ga makaho zai je. Haƙƙinka ne, ba taimako kake roƙo ba.

Ka kuma sa laburaren ya rubuta wa kamfanin da ya buga littafin, a nemi ainihin fayil ɗinsa, a haɗa da rasidin saye. Amsa takan ɗauki makonni. Bookshare, laburaren intanet na makafi da ke Amurka, yana da amfani ga littattafan da aka buga a waje, amma kada ka sa rai sosai da littafin dokar Nijeriya a can. Saboda haka tun a hutun nan ka nemi jerin littattafan zango mai zuwa da lambobinsu. In kuma ka gama gyara babukan nan, ka rubuta shekarar bugu a sunan fayil ɗin kafin ka miƙa wa na bayanka.