Abin da ke ba wasan kasada na kan tebur ɗanɗanonsa na asali

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya kamata ku riƙe a fadarku ta Tawa domin wasan kasada irin na Dungeons & Dragons ya fito da kamanninsa na asali. Amsar ita ce jagora mai ba da labari da yanke hukunci, da ƴan wasa da kowannensu ya ɗauki rawa guda, da ƙwayoyin jefawa masu lambobi (dice), musamman mai fuska 20, sannan da kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai cike da dodanni, tarkuna da dukiya. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974, rawa uku ce kawai: mayaƙi, matsafi da malamin addini, ɓarawo sai a 1975 ya shigo.

Sharaɗin da zan ƙara, bisa abin da muke gani a zamanmu na Yamai, shi ne haɗarin ya zama na gaske. A dokokin wasan na 1974, sabon matsafi yana da sihiri guda tak a yini, kuma kibiya ɗaya tana iya kashe shi, don haka ƴan wasa sukan ƙirga tocilansu na itace, su dinga zungurar ƙasa da doguwar sanda kafin su taka, wani kuma yana zana taswira a takarda. Idan jagora ya ji tausayi ya sauya abin da ƙwaya ta nuna, wannan taka-tsantsan yakan gushe nan take, kowa ya afka wa dodo ba shawara.