Amsa: In faɗa wa abokan aiki ina da ciwon sukari?

Ɗan'uwa, ka ce an ɗora ka a kan allurar insulin, kana tunanin ko ka ɓoye wa mutanen ofis. Ba dole kowa ya sani ba, amma a ganina ɓoye wa kowa da kowa haɗari ne.

Dalili kuwa faɗuwar sukari. Insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide suna iya saukar da sukarin jini ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, a na'urar gwaji, musamman in taro ya ja abinci ya yi latti. Mai shan metformin kaɗai ba kasafai hakan ke samunsa ba. Kai kam yana iya samunka, kuma in ya yi tsanani ba za ka iya taimakon kanka ba. Gumi, rawar jiki, magana ba kan gado, faɗa babu dalili: wanda bai sani ba sai ya ɗauka maye ne.

Zaɓi mutum biyu da kuke zama kusa, da shugabanka. Nuna musu inda kake ajiye gulukos, ka ce in sun ga alamun nan su ba ka giram 15, kimanin cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa. Lemon da ba shi da sukari ba ya aiki. Bayan minti 15 a gwada sukarin jininka, in bai hau ba a maimaita.

In ka suma, kada a ɗura maka komai a baki, zai iya sarƙe ka. Kada kuma a yi maka insulin. A kwantar da kai ta gefe, a nemi motar asibiti nan take.